Shugaban Rukuni na Bakwai

Ranar da na fara ganin Malam Sada na ɗauka uban wani ɗalibi ne ya rako ɗansa. Muna layin rajista a wata kwalejin horar da malamai da ke Zariya, shi kuma yana tsaye a gefe, ya naɗe takardunsa a leda ya rungume a ƙirji. Furfura ta gama cinye gemunsa. Sai da aka kira suna ya amsa da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya, sannan na gane ashe ɗan'uwanmu ne ɗalibi. Wasu samari a bayana suka yi dariya. Ya juyo ya yi musu murmushi, ya ce, "Ku yi haƙuri, na saba ni nake kiran sunan, yau an juya mini."

Ni sunana Wasila, ina koyarwa a wata firamare a Makarfi. Abin da zan faɗa game da shi, wani da idona na gani, wani shi ya gaya mini, wani kuma daga bakin matarsa Zulai na ji daga baya.

A Likoro aka haife shi, a gidan manoma masara da dawa. Mahaifinsa, Malam Ikrima, yana da 'ya'ya maza biyar, kuma da aka ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya a sa shi boko, sai ya ba da Sada, saboda shi ne ramammen cikinsu, garma tana rinjayarsa. Haka ya bi har ya samu ƙaramar takardar malanta irin ta da, ya dawo garinsu aka ba shi aji. Shekara ashirin da tara ya yi a makaranta ɗaya, yawanci a aji uku. Ba a taɓa yi masa hedimasta ba, shi ma bai taɓa nema ba. Abin da aka san shi da shi, idan yaro ya yi fashin kwana biyu, ranar ta uku za a ji sallamarsa a zauren gidansu. Ba ya faɗa, ba ya gori. Zai zauna ne a tabarma ya tambayi gona, ya tambayi dabbobi, ya sha ruwa, sai can ya ce, "Kujerar wane tana ta cigiyarsa." Rabin magidantan Likoro a hannunsa suka koyi rubuta sunansu.

Ana nan sai sanarwa ta zo cewa duk malamin da ba shi da babbar takardar malanta an ba shi shekara huɗu ya nemo, in ba haka ba a sallame shi. Da yawa daga sa'o'insa suka ce su kam sun tsufa da zaman benci, suka zauna jiran ranar sallama. Shi ya ce zai gwada. Ya shiga tsarin karatu daga gida, wanda ake turo darasi ta waya, sai lokacin hutu a je Zariya a rubuta jarrabawa. Da yatsa ɗaya yake rubutu a waya, yana nisanta ta da fuskarsa yana ƙanƙance ido. Duk da haka shekara biyu bai faɗi ko darasi ɗaya ba.

A shekara ta uku aka raba mu rukuni-rukuni domin aikin bincike na ƙarshe. Mu huɗu muka faɗa rukuni na bakwai: shi daga Likoro, ni daga Makarfi, Malam Muktar daga cikin garin Kudan, sai Hamisu daga Saulawa ta ƙasar Ikara. An ba mu tambaya ɗaya mu bincika: me ya sa yara suke barin makaranta idan lokacin saran rake da tsinkar tumatir ya zo? Kowannenmu zai zauna da iyaye ashirin a yankinsa, ya rubuta abin da suka ce, a haɗa ya zama aiki ɗaya. Maki ɗaya za a ba mu duka. Malamar da ke duba mu, Dakta Mukarrama, ita ta naɗa Malam Sada shugaba.

Ba mu taɓa zama mu huɗu a wuri ɗaya ba. Tsakanin Saulawa da Likoro tafiya ce, kowa kuma da ajinsa da iyalinsa. Guruf aka buɗe mana a Wasaf, nan ne ofishinmu. Har yanzu ina da saƙon muryarsa na farko.

"Assalamu alaikum, 'yan'uwana. Sada ne daga Likoro. An ce ni ne shugabanku, ba don na fi ku sani ba, don dai na riga ku zuwa duniya ne. Ni aikin taro da na sani shi ne gayya. A gayya kowa yana ganin kunyar da ɗan'uwansa yake nomewa, wanda ya gaji a kama masa, wanda ya yi ha'inci kuma ciyawarsa ce za ta tona shi. To mu ba ma ganin juna. Saboda haka ina roƙon abu ɗaya. Duk Asabar bayan La'asar kowa ya turo murya ya faɗi abin da ya yi a makon. Wanda bai yi komai ba ya ce bai yi ba, ba laifi ba ne, sai mu san inda za mu kama. Shiru ne kawai ba na so."

Muka amsa da to. Malam Muktar ma har da addu'a mai tsawo.

A gidansa sabis ba ya kamawa. Sai ya fita bayan makarantarsu, kusa da wata tsohuwar rijiya, nan yake samun layi. Duk Asabar yana can tun kafin a idar da sallah a wasu masallatan. Shi yake fara turowa: na zauna da mutum uku, wane ya ce kaza, wance ta ce kaza, na yi kuskure a tambaya ta huɗu, ku kiyaye kada ku yi irinsa. Sannan ya kira sunanmu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi iyalanmu, ya jira.

Makonni uku na farko abin ya tafi daidai. Daga nan muryoyi suka fara raguwa. Malam Muktar mutum ne mai fara'a, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, ba ya taɓa musu da kowa. Ya zauna da iyaye shida, sai mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, wannan gaskiya ne, mun yi ta yi masa sannu. Amma ta warke ta koma har tana zuwa suna da biki, shi bai koma aikin ba. Ranar Asabar sai ya turo hoton fure da "Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya." Idan Malam Sada ya ce, "Amin, Malam Muktar, ina aka kwana?" sai ya ce, "In sha Allahu mako mai zuwa za ka sha mamaki."

Ni ma ba wai na fi shi ba ne sosai. Ina goyo a lokacin, maigidana direba ne, sai ya yi kwana biyar bai kwana gida ba. Akwai Asabar biyu da na ga saƙon Malam Sada na ƙi buɗewa don kada ya ga alamar na ji. A ta uku ya kira ni kai tsaye.

"Malama Wasila, lafiya dai ko? Ya mai sunan Hajiya?" Haka yake kiran jaririyata.

"Lafiya lau, Baba. Wallahi kunyarka nake ji, ban yi komai ba."

"To ai kin ga yanzu kin yi wani abu, kin faɗi gaskiya. Matan da ke zuwa awo asibitin kusa da ku, ba iyaye ba ne? Ki je da goyonki ki zauna cikinsu, ba sai kin bi gida-gida ba."

Haka na yi, a mako uku na samu mutum goma sha bakwai.

Hamisu kuwa shi ne ƙaraminmu, bai kai talatin ba, kuma duk ya fi mu kai. Yana koyarwa da safe, da rana yana dillancin tumatir. Wata guda ba a ji ɗuriyarsa ba, sai rana ɗaya ya turo aikinsa cif, mutum ashirin, an buga shi tsaf da na'ura. Malam Sada ya yi murna ƙwarai. Ya ce mu yi koyi da ƙaninmu.

A daren ranar kasuwar Makarfi da ta biyo baya ban yi barci da daɗi ba, domin da rana na haɗu da Hamisu a tasha ya kawo kaya. Na yi masa barka, na ce yaya ya yi ya gama da wuri haka. Ya yi dariya ya ce, "Anti, ke ma kina wahalar da kanki ne. A shagon abokina na zauna na rubuta su yini ɗaya. Sunayen dai na mutanen garinmu ne. Wa zai taso daga Zariya ya je Saulawa tambaya?" Na ce masa hakan bai dace ba, ya ce to, muka rabu. Ban gaya wa Malam Sada ba. Na ce wa raina ba ni ce shugaba ba, kuma tona asiri ba kyau.

Shi da kansa ya gano. Ya zauna yana haɗa ayyukanmu, sai ya lura iyayen Hamisu duk bakinsu ɗaya, manomi da makiyayi, tsoho da matashiya, kamar uwa ɗaya ta haife su. Shi kuwa ya san a cikin nasa ashirin babu biyu da suka yi magana iri ɗaya. Bai ce komai a guruf ba. Ranar wata Lahadi ya hau tsohon babur ɗinsa ya tafi Saulawa. Makarantar da Hamisu ya rubuta cewa ajujuwanta shida a cike suke, ya tarar iska ta yaye rufin huɗu tun bara, yaran da suka rage a gindin mangwaro suke zama. Ya tambayi gidan wani magidanci da aka rubuta ya yi dogon bayani a shafi na tara. Aka nuna masa gidan, aka ce ai mai shi damina biyu ke nan da rasuwa.

Ya sami Hamisu a inda ake loda kwandunan tumatir. Ya jira har ya sallami direba, sannan ya ja shi gefe, inda ba mai ji.

"Hamisu, na je gidan marigayin nan."

Hamisu ya ce, "Baba, kai fa kana ɗaukar abin nan da zafi. Wa zai karanta? A kabad za a jefa shi ɓera ya ci."

"Ni na karanta. Kuma mutumin da ka sa wa magana a baki yana kabari, ba shi da halin ya ce ban faɗa ba."

"To yanzu ƙarata za ka kai?"

"A'a. Zuwa na yi in kama maka. Ranar Asabar zan dawo da hantsi, mu bi gidajen tare. Kai ka san mutane, ni na san tambayoyin. Asabar uku ta ishe mu. Ba wanda zai ji wannan magana daga bakina."

Hamisu ya sunkuyar da kai ya ce ya gode, Allah ya saka da alheri. Har ya cika masa leda da tumatir ya kai wa Zulai.

Asabar ta zo, Malam Sada ya isa gindin mangwaron nan da hantsi. Ya zauna har aka kira Azahar. Wayar Hamisu a kashe. Asabar ta gaba ma haka, sai dai a wannan karon wayar ta shiga, aka ƙi ɗauka. Da ya ga haka sai ya ce bari ya gwada shi kaɗai. Amma a Saulawa ba wanda ya san shi. Wasu suka ɗauka mai rubuta sunayen tallafi ne, suka yi ta faɗa masa abin da suke zaton yana son ji. Wasu suka ɗauka an turo shi ne a kama iyayen da ba sa tura yara makaranta, suka ce maigidan ba ya nan alhali yana jin tarinsa a ciki. Yini biyu ya yi, mutum huɗu kacal suka yi masa magana ta gaskiya.

Lokacin miƙa aiki ya matso. A cikin ƙa'idar kwalejin akwai wata takarda da shugaban rukuni zai cike: ya rubuta abin da kowa ya yi, ya sa hannu cewa duk abin da ke cikin aikin gaskiya ne. Malam Sada ya haɗa mu a kira ɗaya, mu huɗu, karo na farko kuma na ƙarshe. Ya faɗi halin da ake ciki ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ce aikin Saulawa ba zai shiga ba, na Kudan kuma shida ne kawai. Ya ce yana so mu je tare mu roƙi ƙarin lokaci.

Malam Muktar ya ce, "Haba Shugaba. Ai duk rukunan nan haka suke yi. Ka cike mini sauran sha huɗun da irin abin da mutanenka suka faɗa, Kudan da Likoro ai duk ɗaya ne. Ka sa hannu kawai, Allah ya san zuciyarmu."

"Shi ya sa ba zan iya ba, Malam Muktar, don ya san ta."

Hamisu ya ce, "Baba, ka yi alkawari ba wanda zai ji."

"Na yi, a kan za mu gyara. Na zo sau biyu ban same ka ba. Kuma waɗannan ba bare ba ne, makinsu ne a ciki."

"To ka sani, in ka kai mu ƙasa, kai ma ka tafi. Mu muna da sauran shekaru. Kai fa?"

Sai Malam Sada ya ce, "Malama Wasila, ba ki ce komai ba."

Ina zaune a bakin gado da yarinya a cinya. Na san gaskiyarsa, na ma riga shi sanin abin da Hamisu ya yi. Amma ina tunanin shekara uku da na yi ina wannan wahala, da yadda zan gaya wa maigidana sai na sake. Na ce, "Baba, duk yadda kuka yanke daidai ne." Abin da na faɗa ke nan.

Zulai ta ce mini kwana uku takardar tana kan tabarmarsa, ya ɗauka ya ajiye. Ta ce masa, "Malam, 'ya'yanka shida. Ba kai ka yi ƙaryar nan ba, hannu kawai za ka sa." Ya ce mata, "Shekara ashirin da tara ina hana yara leƙa takardar juna. Da wane ido zan shiga aji uku?" Ta ce, "Idan aka sallame ka, wane ajin za ka shiga?" Washegari ya cike takardar yadda abin yake, ya rubuta ashirin a gaban sunansa, sha bakwai a gaban nawa, shida a gaban Malam Muktar. A gaban sunan Hamisu bai rubuta ya yi ƙarya ba, sai ya rubuta cewa aikin bai kammala ba. Ya shiga mota ya kai Zariya da hannunsa.

Dakta Mukarrama ta karanta, ta cire tabarau ta dube shi. Ta ce a shekarunta na wannan aiki ba a taɓa kawo mata takardar da ba a rubuta kowa ya yi daidai ba. Ta ce ta san da yawa ƙarya ce, amma ba ta da ƙafar bin ƙauyuka. Sannan ta ce, "Malam, ka sa ni a tsaka mai wuya. Da ka rufe, da ban gani ba. Yanzu na gani, kuma aikin bai kai yadda za a karɓa ba. Abin da ke hannuna kwana goma ne. Ku cike giɓin ku dawo."

Ya ce, "Na gode, ranki ya daɗe."

Tun a tasha ya tura mana murya, yana cewa an samu sauƙi, kwana goma sun isa idan muka raba, shi zai ɗauki rabin na Kudan. Ina kallon wayar sai na ga an rubuta Hamisu ya fita. Ba a yi minti biyar ba aka rubuta Malam Muktar ya fita. Guruf ya rage daga ni sai shi.

Na yi niyyar taimaka masa, Allah ya sani. Na cike ukun da suka rage mini. Amma da ya ce ko zan iya zuwa Kudan ranar Asabar mu bi gidaje, mata su fi sakin jiki da ni, sai na ce yarinya ba ta da lafiya. Zazzaɓi ne ɗan kaɗan, da na so da na bar wa maƙwabciyata ita. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, kada in damu.

Shi kaɗai ya riƙa tashi daga makaranta ya hau babur, yau Kudan, gobe Saulawa. Ruwan farko ya riga ya sauka, mutane duk sun watse gonaki, sai ya bi su can, yana tafiya a gefen mai shuka yana tambaya yana rubutu. A rana ta bakwai, yana dawowa daga Saulawa bayan an ɗauke ruwa, babur ya zame da shi a wani gangare. Hannunsa na dama ya karye a wuyan hannu, littafin da yake rubutu a ciki ya faɗa cikin taɓo. Wasu Fulani masu dawowa daga kiwo ne suka ɗaga shi suka kai shi wurin mai ɗori. Kwana goma suka cika yana kwance. Da sakamako ya fito, rukuni na bakwai duka an ce mu sake a shekara mai zuwa.

Shekarar ce ta huɗu, ta ƙarshe a wa'adin da aka ba shi. A wannan karon aka ce ɗalibai su zaɓi abokan aikinsu da kansu, mutum huɗu-huɗu. Labari kuwa ya riga ya zaga cewa akwai wani tsoho daga Likoro mai kai ƙarar 'yan rukuninsa. Duk wanda ya tuntuɓa sai ya ce sun cika. Ya roƙi a bar shi ya yi shi kaɗai, aka ce tsarin bai yarda ba, aikin na koyon haɗa kai ne. Dakta Mukarrama an mayar da ita wani sashe, wanda ya gaje ta kuma bai san shi ba.

Hamisu ya kira ni ya ce suna neman mutum ɗaya, su uku ne, kuma ya yi rantsuwa wannan karon za a yi aiki. Na shiga. Bayan kwana biyu Malam Sada ya kira ni. Muka gaisa, ya tambayi mai sunan Hajiya, ya tambayi maigida da hanya. Sannan ya ce, a hankali, ko na samu rukuni.

Na ce, "Na samu, Baba. Sai dai an riga an cika."

"To madalla. Allah ya ba da sa'a, 'yata."

Bai tambaye ni su wane ne ba. Aikin da muka miƙa a shekarar, nawa kason na gaskiya ne, na sauran ban tambaya ba. Muka ci. Malam Muktar ma ya ci a wani rukunin. Malam Sada bai samu shiga ko'ina ba har aka rufe rajista, kuma a ƙarshen zangon takardar sallama ta same shi. Ya je wurin hedimasta ya ce a bar shi ya ci gaba da riƙe aji uku ko ba albashi, kafin a turo wani. Hedimastan tsohon ɗalibinsa ne, ya yi ta ba shi haƙuri har da hawaye, ya ce idan masu duba makarantu suka zo suka same shi a aji, shi ma tasa ta ƙare. Ba a turo kowa ba. Aka haɗe aji uku da aji huɗu a ɗaki ɗaya, yara sun fi ɗari.

Sai bara na iya zuwa Likoro. Na daɗe ina ɗagawa. Zulai ta karɓe ni da mutunci, ta kawo mini fura, ba ta nuna mini komai a fuska ba, amma a wajen zaman ne ta ba ni labarin kwana ukun nan da na faɗa, tana yi tana kallon ƙasa. Ta ce babban ɗansu ya bar makarantar gaba da sakandare ya tafi Kano yana ɗinki. Ta ce Malam ya koma gona, sai dai hannun bai ɗoru daidai ba, ba ya iya riƙe fartanya ya daɗe, ƙannensa ne suke yi masa huɗa.

Na same shi a zaure yana ɓarar masara da hannun hagu, ya danne ta da gwiwa. Ya rame ƙwarai. Ya gane ni nan take, ya yi ta sa albarka, ya ce ya ji na karɓi takardata, ya yi murna. Ya tambaye ni yara nawa ne a ajina, na ce saba'in da biyu. Ya ce in riƙa zaunar da marasa ƙoƙari a gaba, kada in bari su ɓuya a baya.

Na daɗe ina juya maganar kafin na ce, "Baba, na zo ne in roƙi gafara."

"Ta me?"

Na gaya masa komai: haɗuwata da Hamisu a tasha, zazzaɓin da bai kai ya hana ni zuwa Kudan ba, da rukunin da na shiga. Ya saurara bai katse ni ba, hannunsa yana kan masarar. Da na gama sai ya ajiye ta.

"Na tashar nan ban sani ba," ya ce. "Da kin faɗa mini a lokacin, da muna da wata biyu a hannu, ba kwana goma ba. Amma ya wuce. Na yafe miki. Ni ma ina ta tunani ko ni ne ban iya shugabancin ba. Wataƙila da na je Kudan tun da wuri na zauna da Malam Muktar ido da ido. Wataƙila na yi wa yaron can magana ta wata hanyar. Ban sani ba. Kullum ina lissafa abin, ban gano inda zan gyara ba."

Na ce masa ba laifinsa ba ne. Ya gyaɗa kai kawai, irin na wanda ya ji amma bai karɓa ba.

Aka kira La'asar, ya miƙe da ƙyar ya ɗauki buta. Ya ce in gaida maigida, kuma in kama hanya da wuri don motar Makarfi tana wuya idan yamma ta yi. Zulai ta raka ni bakin hanya da ƙullin kuka da kuɓewa busasshiya. Muna tsaye muna jiran mota ta ce mini wayar ma ya bayar da ita tuni, idan ina son jin lafiyarsa sai dai in kira ta maƙwabcinsu. Ta karanto mini lambar, na rubuta a bayan hannuna.